Tsatsar Tsofaffin Motoci a Kasuwar Libiya: Wadda Ke Gogewa da Wadda Ba Ta Gogewa

Kasuwar Libiya tana yammacin Umdurman, a yankin Umbadda, kuma ta samo sunanta daga kayan da manyan motoci ke ketowa da su ta hamada daga ƙasar Libiya. Mota ce ta haifi kasuwar, mota ce kuma ke ciyar da ita: gingimari mai tafiya Kordofan da Darfur, a-kori-kurar Hilux da mutanen Sudan ke kira bokisi, ƙananan motocin amjad, da raksha, wato keken da ake kira adaidaita sahu a Kano. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF ya tsayar da wannan harka cak. Kasuwar ta zauna a hannun RSF har zuwa 29 ga Maris 2025, ranar da soja ya sanar da karɓe ta. Motoci da yawa an sace su, wasu an ƙone, wasu an yar a bakin titi ba taya ba batir. Waɗanda Allah ya tsirar a cikin gidaje sun sha damina biyu ba wanda ya sa musu ko tsumma.

Mai mota da ya komo gida ya yaye buhunan da ya rufe tsohuwar Corolla ko Cressida da su, abin da idonsa zai fara kamawa shi ne bamba. Ƙarfen nan da a da yake ganin fuskarsa a ciki ya yi ɗigo-ɗigon ja, zoben fitila ya dushe, mariƙin ƙofa ya yi ƙuraje. Wani zai ce mutumin da ke neman ruwan sha da maganin yara ina ruwansa da ƙyallin bamba. Maganar da nauyinta. Amma ga direban tasi motar nan ita ce gonarsa, ita ce kuma kadarar da zai sayar in ta kai ga haka, kuma mai saye da ido yake fara taya kaya. Sannan jan ɗigon nan sanarwa ce cewa ƙarfe ya fara ciwo daga ciki. Kafin yaƙi dalar Amurka ɗaya wajen fam 600 take a kasuwar bayan fage. A cikin 2024 ta haura fam 2,000. Sabuwar bamba ta motar 1980, in ma an samu, ta fi ƙarfin talaka. Saura gyara, da abin da ke cikin kicin da abin da ake samu a rumfar mai kayan masarufi.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. A wannan sha'ani karin maganar bai yi daidai ba, domin hanya mafi araha ita ce kuma mafi aminci, masu tsadar da masu zafin su ne ke kashe kaya. Dalilin yana cikin yadda aka gina bambar tun a masana'anta.

Kurom ƙarfe ne da wani masanin sinadarai Bafaranshe, Louis Nicolas Vauquelin, ya gano a 1797. Ita kanta Sudan tana da dutsensa a tsaunukan Ingasana na jihar Bulu Nayil, an daɗe ana haƙa ana fitarwa waje. Shafa shi a kan wani ƙarfe da wutar lantarki ya zama sana'a ne bayan aikin Colin Fink a Jami'ar Kolombiya ta Amurka a 1924, kuma kafin 1930 masu ƙera motoci sun rungume shi. Bambar da muke kira ta kurom kuwa ba kurom zalla ba ce. Baƙin ƙarfe ne aka lanƙwasa, aka goge, sau da yawa aka shimfiɗa masa jan ƙarfe, aka ɗora nikel, sannan a can sama aka yafa kurom. Nikel ɗin shi ne mai kauri, shi ne mai tsaron ƙarfe, shi ne ma mai yawancin ƙyallin. Kurom ɗin bai kai maikiron ɗaya ba, alhali gashin kan mutum guda yana kai maikiron 70 ko kusa da haka. Aikinsa ya hana nikel dushewa, ya ba shi hasken nan mai ɗan shuɗi.

Shi kurom ba ya tsatsa. Amma siririn zanen nan cike yake da ƙananan tsagu da ramuka da ido ba ya gani. Ruwa yana bi ta nan, ya ci nikel a hankali, ya isa baƙin ƙarfe. Tsatsar da ta taso daga can ƙasa sai ta ɓullo ta wannan ƙofa mai kamar bakin allura, ta malale a kan kurom mai lafiya. Shi ya sa bambar da ta yi ja jawur takan ba da mamaki bayan an goge ta: mafi yawan jan da ake gani tabo ne kawai, ramin da ya haife shi ƙanƙane ne. Matsala tana zuwa in an bar shi ya daɗe, domin tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki-ninki. Tana kumbura, ta ɗaga nikel da kurom, sai su yi bororo su fara ɓarewa. Aikin gara ne a cikin azara: waje na nan tsaye, ciki ya zama gari.

Abin tambaya shi ne yadda tsatsa ke samun gindin zama a gari mai fari irin Kartum, inda ruwan shekara duka bai cika kai milimita 200 ba, alhali Kano tana samun sama da 700. Gaskiya ne, busasshiyar iskar nan ce ta sa motocin da suka ruɓe a Turai tun tuni har yanzu suke yawo a Umdurman. Amma akwai habub, guguwar ƙurar da ke tasowa kamar bango ta rufe gari, kuma yashin da take ɗauke da shi yana iya kartar kurom. Yaro ya zo da busasshen tsumma ya share ƙurar da safe, kullum yana ƙara buɗe ƙofofin nan bai sani ba. Sai damina ta zo daga Yuli zuwa Satumba, ruwa ya kwanta a titunan ƙasa na Umbadda, laka ta cika bayan bamba ta bushe a can, ta riƙa riƙe danshi duk lokacin da aka wanke mota. Akwai kuma motocin da suka yi zaman Bur Sudan a lokacin yaƙi, a bakin Bahar Maliya, inda iska ke ɗauke da gishiri. Motar da aka lulluɓe da leda aka gudu ma ba ta tsira ba, leda tana tara gumi a ƙarƙashinta.

Kafin a taɓa komai sai an san da wane ƙarfe ake magana, domin ba duk abin da ke ƙyalli a jikin mota ne kurom a kan baƙin ƙarfe ba. Mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ne, yana raba gardama. In bai kama ba, to ko roba ce da aka shafa wa kurom, irin ta motocin baya-bayan nan, ko alminiyon, ko kuma zubin tutiya, wanda aka fi yin mariƙin ƙofa da tambarin mota da shi. Ƙurajen zubin tutiya farare ne ko ruwan toka, ba sa gogewa, kuma duk wani abu mai tsami yana ƙara cinye su. Sabulu da tsumma mai laushi ne iyakar abin da za a yi musu. Fijo 404 da 504, waɗanda Kaduna ta san su sarai tun da aka fara harhaɗa Fijo a can a 1975, bambarsu ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce tun daga ciki har waje, don haka ita ana iya goge ta da ƙarfi ba fargaba. Ta Corolla, Cressida, Datsun da tsohuwar Marsandi ita ce mai shafe, ita ce ke son lallashi.

Sai gwajin farce. A wanke wurin, a bi shi da farce. In farce ya wuce sumul ko ya ɗan ji kaushi kawai, wannan tsatsar sama ce, za ta fita tas. In farce yana faɗawa cikin ƙananan ramuka, jan zai fita amma baƙaƙen ɗigo za su zauna har abada, sai dai a rufe su. In kuwa shafen yana ɗagowa kamar ɓawo, to babu abin da ke cikin kwalba ko gwangwani da zai mayar da shi, kuma duk mai sayar da magani da ya ce zai mayar kuɗinka kawai yake so.

Aikin kansa da sassafe ake yin sa, a inuwa. A watan Mayu da Yuni zafin Umdurman yana wuce digiri 40, ƙarfen da rana ta buga kuwa yana busar da duk abin da aka zuba masa nan take, ya bar tabo. Farko wanka: ruwa mai yawa, sabulun wanke kwanuka, a kwarara a kori yashi kafin hannu ya sauka. Wanda ya yi ƙyuyar wannan mataki shi ne zai kama ƙwayar yashi ya ja ta daga wannan kai zuwa wancan. Daga nan sai takardar alminiyon, irin wadda mata ke rufe abinci da ita, wadda a kasuwa ake tambaya da sunan gasdir. A yago kamar tafin hannu, a dunƙule ta sako-sako, a tsoma a ruwa, a riƙa gogawa a hankali bisa tsawon bamba. Ba a danna ta. Cikin minti ɗaya za ka ga wani baƙin kunu yana taruwa a ƙarƙashin yatsunka, ƙarar gugar tana sauka daga ƙarar-ƙarar zuwa sul-sul, kuma in ka share da jiƙaƙƙen tsumma sai hasken ya leƙo, da farko kamar girman kwabo, sannan ya yi ta faɗi. Sirrin shi ne alminiyon ya fi kurom laushi nesa ba kusa ba, amma ya fi ƙarfin ɓarɓashin tsatsa. Shi yake cinyewa, shafen ya tsira. Da zarar dunƙulen ya yi baƙi ko ya faɗi ƙasa, a jefar a yago wani. Naɗi guda yana gama mota har ya yi saura.

Inda ruwa kaɗai bai isa ba sai a kawo tsami. Ruwan khal na girki, wanda tsaminsa kusan kashi 5 ne cikin 100, ya isa: a jiƙa tsumma a naɗe wurin da shi minti goma ko sha biyar, a koma da gasdir. Lemon tsami ma yana yi, kuma Sudan ba ta rasa shi. Wanda ya fi su duka a wurina shi ne gishirin lemo, farin garin nan da masu kayan ƙamshi ke aunawa, domin ba shi da tsada, ba ya wari, kuma kai ke auna ƙarfinsa. Cokali uku a lita guda ta ruwan ɗumi ya wadatar. Ƙananan kaya irin su wili-kaf da zoben fitila ana iya tsoma su ciki awa ɗaya ko biyu ana dubawa. Kwana a ciki kuwa ɓarna ce, don tsamin zai bi ramukan ya shiga ƙarƙashin shafe. Maganar Coca-Cola da ta cika gari tana da ɗan tushe, akwai sinadarin fosforik a cikinta, amma kaɗan ne ƙwarai, sukarinta kuma yana gayyato ƙudaje da tururuwa, ga shi ta fi khal tsada. Mafi yawan aikin da ake yaba mata gasdir ne ya yi shi.

Bayan tsami dole a kashe shi, kuma a nan kanwa ke shigowa. Mutanen Sudan suna kiranta atrun, ayarin raƙuma sun daɗe suna ɗauko ta daga Bir Natrun a kan tsohuwar hanyar Darbul Arba'in, kuma ba kasuwar da za a rasa ta. A jiƙa ɗan gutsure, a tace ruwan da tsumma saboda yashin da ke cikinta, a wanke wurin, a ɗauraye da ruwa mai kyau. Kar dai ruwan kanwa ya kwanta a kan alminiyon, yana dusar da shi. Sannan a busar sarai, a bar rana ta ɗan ɗumama ƙarfen don danshin da ya maƙale cikin ramuka ya fice.

Masu tsatsa sosai daga cikin ƙarafan da ba su da shafe, kamar ƙafafun da ke riƙe bamba da notina, akwai wata tsohuwar dabara gare su: molas, baƙin ruwan raken da ke saura a masana'antar sukari irin ta Kenana, wanda masu kiwo ke haɗawa a abincin dabbobi. Awo ɗaya a awo tara na ruwa, a tsoma a manta da shi mako biyu zuwa uku. Yana wari, yana kuma aiki.

Abin da ya fi damuna a wannan sha'ani shi ne hanyoyin sauri. Sau da yawa za ka ji yaron gareji ya ce, "Maigida, in kawo samfefa mu gama?" ko ya ɗauko soson waya na wanke tukunya, ko toka da yashi. Duk waɗannan suna cire ja cikin ƙiftawar ido, tare da shafen da ya fi gashi siranta. Alamar ita ce wurin ya koma ɗan rawaya-rawaya: nikel ne ya fito. In an ci gaba sai jan ƙarfe ya leƙo, daga nan baƙin ƙarfe tsirara, wanda damina ɗaya za ta mayar ja fiye da da. Mafi muni shi ne ruwan wuta, wato asid mai ƙarfi, da magungunan wanke masai masu irin sinadarinsa. Wannan ruwa shi masu sana'ar shafe ke amfani da shi in suna son tuɓe kurom daga jikin ƙarfe da gangan. Mai zuba shi a bamba yana tuɓe ta ne, ko ya sani ko bai sani ba. Ruwan batir ma ba shi da wani amfani a nan, sai ƙona hannu da riga da fenti. Soson ƙarfe guda ɗaya ne aka yarda da shi, mai lamba 0000, mai laushi kamar auduga, shi ma a jiƙe da mai ko sabulu, kuma a wanke ɓarɓashinsa tas domin shi kansa yana tsatsa. Man goge ƙarfe irin su Autosol yana ƙara haske a ƙarshe in akwai hali, amma ba sharaɗi ba ne, kuma yawan shafa shi kullum yana rage shafen.

Wurin da mafi yawan mutane ke tsayawa shi ne nan, bamba ta yi haske, an ja da baya ana kallo. Nan ne kuwa rabin aikin. Ramukan da tsatsa ta fito ta cikinsu suna nan a buɗe, har sun fi da tsabta, kuma ruwan farko zai dawo da ja cikin kwanaki. Dole a toshe su. Kakin mota na gwangwani shi ya fi. In babu, kakin zuma da aka narka da ɗan kananzir ya zama maiƙo yana yi, a shafa siriri, a bari ya sha iska, a goge da tsumman auduga. Baƙin mai da giris da basilin suna tsare ruwa, amma a garin habub suna kama ƙura su zama samfefa da kansu, don haka sun fi dacewa da motar da za a ajiye ba wadda ke kan titi ba. Kaki yana son sabuntawa kafin damina da bayanta.

Sai bayan bamba, wurin da ba mai gani. Shafe a can siriri ne tun daga masana'anta, kuma can laka ke kwana. Bambar da ta huje, in ka duba, daga baya ta fara. Notina kaɗan ne ke riƙe da ita. A jiƙa su da kananzir ko man birki tun dare, a kwance, a kife ta a kan buhu. A wannan gefen buroshin waya da samfefa halal ne. A kankare, a shafa maganin fosforik mai mayar da tsatsa baƙa in an samu a wurin masu fenti, a bi da jan fenti na share fage irin wanda masu walda ke shafa wa ƙofofi, sannan fenti na sama. Kuɗin ɗan ƙaramin gwangwani ne, kuma a ganina wannan ya fi duk abin da aka yi a gaba muhimmanci.

Wadda shafenta ya riga ya ɓare fa? Sake shafe da lantarki aiki ne na masana'anta: tuɓewa, cike ramuka, gogewa, sannan tankuna na nikel da na kurom. Yana cin wuta mai yawa da kuɗi mai yawa, ruwan tankin kuma guba ne da hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a sahun farko na masu haddasa kansa. Kada kowa ya gwada shi a bayan gida. Fentin fesawa da ake rubuta wa kurom a jikin gwangwani ruwan azurfa ne kawai, ba ya zama madubi, kuma yana dushewa da an taɓa shi. Gara mutum ya kankare bambar duka ya yi mata fenti baƙi ko fari mai kyau, kamar yadda direbobin bokisi da yawa ke yi, ta yi masa shekaru. Ƙasar da maƙeranta suka ɗauki Bedford ta Ingila suka sake mata gini ta zama sifinja, motar da ke ratsa yashin Kordofan da lodi fiye da abin da masu ƙera ta suka zata, ba za ta rasa mai gyara bamba da fenti ba. Wanda kuma ya zaɓi sayen ta hannu, ya juya ta ya duba baya kafin gaba, ya kuma tambayi asalinta, domin kayan motocin da aka wawushe a yaƙin nan sun cika kasuwanni, kuma mai su yana nan yana nema. Motar da aka tsinta a yashe a inda aka yi faɗa, kar a shiga ƙarƙashinta da sifana sai masu aikin kwance nakiya sun duba wurin.

Kirana ga iyayen gida masu gareji ne, a Umdurman da Kano da Maraɗi duka, domin su ke miƙa wa yara kayan aiki. Ku ɗauke ruwan wuta da ruwan batir daga hannun yaran nan, ku ba su gasdir da gishirin lemo da bokitin ruwa, ku nuna musu gwajin farce. Mai mota kuma, in damina ta ƙarato, ya kwance bambarsa ya yi wa bayanta fenti kafin ruwan farko ya sauka.